Tuƙar Ɗanyen Mai

A bayan kusan kowane injin matse rake a ƙasar Makarfi akwai wani ɗan fili da ba a shuka komai a kansa. Faɗinsa ba ya wuce tabarma biyu. Nan ake zubar da baƙin mai duk sanda aka yi wa inji juye, shekara da shekaru, har ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar daɓe. Ruwan Agusta ma in ya sauka a kanta gangarewa yake yi. Ga tulin tuƙa can gefe ana shanyawa don hura wutar mazarƙwaila, ga ƙudan zuma na shawagi a kan ruwan rake, amma ko tururuwa ba ta bi ta wannan fili. Irinsa na nan a fadamun Kudan, gindin injinan ban ruwa, yana nan kuma a rumfunan masu gyaran babur na Ikara da Tashar Yari.

Wata rana da hunturu na tambayi wani dattijo mai inji, “Baba, wannan wurin zai sake yin amfani kuwa?” Ya ɗan dube shi, ya ce, “Ɗana, ba abin da ƙasa ba ta ci, har mu. Sai dai wannan kam za ta daɗe tana tauna.”

Gaskiya ya faɗa, illa dai ba ƙasar ce ke taunar ba. Wasu halittu ne a cikinta da ido ba ya gani, waɗanda muka yi wa kuɗin goro muka kira su duka ƙwayoyin cuta, alhali mafi yawansu ba su taɓa sa wa kowa ko mura ba. Su ke mayar da juji taki, su ke sa madara ta zama kindirmo. A cikinsu akwai waɗanda abincinsu mai ne da iskar gas. Ƙasar Zazzau ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, don a kan tsohon dutse take zaune, teku kuma na can kudu, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Amma mai son sanin makomar wancan baƙin fili sai ya bi labarin har gindin teku, domin can ne gidan manyan mashaya mai, kuma sai da ɗan Adam ya kwashe fiye da shekara 200 kafin ya yi ido huɗu da su.

A cikin taɓo labarin ya faro. A watan Nuwamba na 1776, Alessandro Volta, mutumin Italiyar nan da daga baya ya ƙirƙiro batir, yana cikin kwalekwale a tafkin Maggiore, sai ya caka sanda cikin lakar bakin ruwa, ya ga kumfa na ɓulɓulowa. Duk yaron da ya taɓa shiga kududdufi a Hunkuyi da ƙarshen damina ya san wannan kumfa, ya san warin baragurbin da ke rako ta. Volta dai ya ƙara da abu ɗaya: ya tara iskar a kwalba, ya kai mata wuta, ta kama. Ita ce metan, uwar iskar gas, irin wadda aka fara shimfiɗa bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano domin ɗaukowa. (Kalmar gas ta yi wa kanta yawa a bakinmu. Direban tirela in ya ce gas, dizal yake nufi, uwargida kuwa tukunyar girki. Wadda nake nufi a nan ita ce mai fitowa daga ƙarƙashin ƙasa.)

A 1906 Nicolaas Söhngen, a garin Delft na ƙasar Holand, ya ware wata bakteriya da ba ta da abinci sai metan, a 1913 kuma ya nuna akwai masu cin fetur da kananzir da kakin kyandir. Sai dai dukkansu da sharaɗi: sai akwai iskar oksijin. Daga nan masana suka kafa ƙa'ida cewa cin mai kamar cin wuta ne, inda ba iska ba ci. A 1926 Edson Bastin na Jami'ar Shikago ya sami bakteriya masu rai cikin ruwan rijiyoyin mai na jihar Illinois, masu numfashi da salfet, wani gishiri dangin farar wuta, maimakon oksijin. Aka ce ai daga sama suka faɗa wajen haƙa, aka wuce wurin. Ko Claude ZoBell, wanda ya ciro bakteriya masu rai daga zurfin fiye da mita 10,000 kusa da Filifin a 1951, bai iya girgiza ƙa'idar ba.

A nan gida kuwa, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani kamfanin Turawa mai suna Nigeria Bitumen Corporation ya yi ta haƙa a dazuzzukan da ke jihar Ondo ta yau, yana bin sawun kwaltar da ke tsattsafowa daga ƙasa. Mai mai kauri suka yi ta samu, mai wuyar tsotsowa, har kamfanin ya durƙushe. Ba wanda ya san a lokacin cewa wasu ne suka riga su shan romon. Mai na kasuwa sai a 1956 aka same shi a Oloibiri, aka fara fitar da shi waje a 1958.

Da jiragen dakon mai suka ƙara girma, ɓarnarsu ma ta ƙaru. A watan Maris na 1967 jirgin Torrey Canyon ya daki dutse a kudu maso yammacin Ingila da kusan tan 120,000 na ɗanyen mai. Hukuma ta yi ta kwarara sinadarin wanki a gaɓa, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: sinadarin ya fi man kisa, wuraren da aka ƙyale suka riga waɗanda aka wanke farfaɗowa.

Ana cikin haka wasu masana sinadaran teku suka ci karo da lissafin da ya ƙi fita. Sukan zura dogon bututu cikin lakar gindin teku, kamar yadda dillalin hatsi ke soka ƙarfe cikin buhu ya ga abin da ke ciki, su ciro ta, su yanka gunduwa-gunduwa, su auna. A can ƙasa metan ta cika lakar maƙil. Tana hawowa, kafin ta iso ruwa, sai ta ɓace a wani tsagi, daidai inda salfet ɗin da ke gangarowa daga ruwan teku shi ma yake ƙarewa. A wannan tsagin kuwa babu oksijin ko kaɗan. Christopher Martens da Robert Berner suka ga alamar haka a 1974 a gaɓar gabashin Amurka. A 1976 Ross Barnes da Edward Goldberg suka gani a Kalifoniya, William Reeburgh kuma a kwarin Cariaco da ke tekun Benezuwela. Hatsi na raguwa a rumbu, ba rami, ba kashin ɓera. Masana sinadarai suka ce lalle akwai mai ci. Masana ƙananan halittu suka ce to a kawo shi mu gani. An yi ta ƙoƙarin renonsa a kwalba ya ƙi, wankin hula ya kai dare, kusan shekara 25. A tsakiyar wannan jayayya, a 1977, Carl Woese ya nuna cewa halittun da ke samar da metan a taɓo da tumbin saniya ba bakteriya ba ne, wani jinsi ne mai zaman kansa, arkiya.

Shekarar 1980 ta tara abubuwa. A Janairu rijiyar Funiwa 5 ta kamfanin Texaco ta fashe a tekun Neja Delta, dubban gangunan mai suka malala har cikin dazukan gaɓa. A Maris aka samu toshe rijiyar Ixtoc a tekun Meziko bayan ta yi fiye da wata tara tana aman mai. A Yuni Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yarda a ba Ananda Chakrabarty, ɗan asalin Indiya mai aiki da General Electric, haƙƙin mallakar wata bakteriya da ya haɗa domin cin ɗanyen mai. Jaridu suka yi ta kururuta ta, amma ba girin-girin ba, ta yi mai: ba a taɓa sakin ta a kan wata malala ba. A shekarar ne kuma, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, ɗanyen mai na taho mata ta bututun da ya haura kilomita 600. Cikin shekarun da suka biyo baya injin ban ruwa ya kori jigo daga fadamu, musamman bayan shirin Fadama na shekarun 1990, inji kuma ya karɓi aikin doki a matsar rake. Baƙin filin nan tsaran wannan zamani ne.

A Janairun 1982 ɗan jirgin nutso mai suna Alvin, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum uku, ya sauka zurfin mita 2,000 a kwarin Guaymas, cikin tekun da ke yammacin Meziko. Wurin kamar tukunya yake a kan murhu. Laka ce mai kaurin ɗaruruwan mita, zafin cikin ƙasa na dafa ta daga ƙasa, matattun halittun da ke cikinta na narkewa su zama mai. Lakar da aka hawo da ita warin dizal take yi. Man Neja Delta sai da ya yi miliyoyin shekaru yana nuna, na Guaymas kuwa da aka auna bai kai shekara 5,000 ba. A 1984 aka ba da labarin wasu wurare a gindin tekun Meziko, zurfin fiye da mita 3,000, inda gas ke tsattsafowa cikin sanyi, tsutsotsi masu tsayi da dangin katantanwa sun yi dandazo a kai kamar garke a bakin rijiya. Daga baya, a 2003, wani ƙiyasin majalisar bincike ta Amurka ya ce kimanin tan 600,000 na ɗanyen mai ke tsattsafowa cikin tekunan duniya kowace shekara ba da hannun kowa ba, kusan rabin duk man da ke shiga teku. Ashe teku ya saba da mai tun ba a san Oloibiri ba. Amma ɗigo-ɗigo ya saba da shi, a warwatse, ba kwarara ba.

Kwararar ta zo ranar 24 ga Maris, 1989, da jirgin Exxon Valdez ya fashe a Alaska, ya zubar da kimanin ganga 260,000. Abin da aka yi a can ba sai an fassara wa manomin Kudan ba. Masu bincike sun tarar mashaya mai na nan a gaɓa, abinci ya yi musu yawa, amma ba sa hayayyafa, don ruwan ba shi da isasshen naitirojin da fosfaras. Ga tuwo himili guda, ba miya. Sai aka watsa takin zamani a kan duwatsun gaɓa, wani ma har da yuriya a ciki, cikin 'yan makonni wuraren da aka watsa suka yi haske, na kusa da su na nan baƙi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, man da ya nitse ƙarƙashin tsakuwa, inda iska ba ta kaiwa, an ci gaba da tono shi fiye da shekara 20 bayan haka, kusan kamar jiya ya zuba.

Tsohuwar ƙa'ida ta fara tsagewa a 1991, lokacin da Friedrich Widdel da ɗalibansa a Jamus suka reni wata bakteriya mai cin mai ba tare da oksijin ba. A 1994 suka fito da wata daga lakar Guaymas. Amma ɓarawon metan bai fito ba tukuna. A 1999 Kai-Uwe Hinrichs da abokan aikinsa suka sami sawunsa a lakar gaɓar arewacin Kalifoniya: kitsen jikin wasu arkiya ɗauke da shaidar cewa da metan aka gina shi. An ga maiƙo a bakin mutum, saura a kama shi da nama a hannu.

Wata matashiyar masaniya Bajamushiya, Antje Boetius, ita ta kama shi. A 1999 jirgin bincike na Jamus mai suna Sonne ya je wani tudu a gindin tekun Oregon, zurfin kusan mita 800, inda sanyi da nauyin ruwa suka daskarar da metan ta zama ƙanƙara, irin wadda in an hawo da ita aka ƙyasta mata ashana sai ta kama da wuta. Aka ciro laka, aka rina ta da rini iri biyu masu ƙyalli, ja mai kama arkiya kaɗai, kore mai kama bakteriya masu numfashi da salfet. Da Boetius ta leƙa na'ura sai ta ga 'yan dunƙule-dunƙule kamar kankana, ja a ciki, kore a waje: arkiya kimanin 100 a tsakiya, bakteriya kimanin 200 sun yi musu zobe. Ɗaruruwan irin wannan dunƙule za su jeru a faɗin ƙwayar gero ɗaya. Mujallar Nature ta buga labarin a Oktoban 2000. Ashe ɓarayin biyu ne, shi ya sa duk wanda ya yi ƙoƙarin kama ɗaya shi kaɗai ya tashi a tutar babu.

Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Arkiyan dangin na tumbin saniya ne, kayan aikinsu iri ɗaya, amma a juye suke amfani da su: na tumbi na ƙera metan, waɗannan na warware ta. In sun warware sai wani ƙarfi ya taru musu da ba su da inda za su sauke shi, maƙwabtansu kuwa shi suke nema don su yi numfashi da salfet. Sai a 2015 aka gane cewa kai tsaye suke miƙa musu shi, wasu ma ta zarurruka masu kama da wayar lantarki. Abin da ke fita daga cinikin biyu ne: iskar nan mai warin baragurbi, wadda tsutsotsi da katantanwar wurin ke rayuwa a kanta, da kuma farar ƙasa mai daskarewa ta zama dutse. A 2001 masu nutso a Bahar Aswad suka tarar da irin wannan gini tsaye kamar suri, wani ya kai mita huɗu.

Ribar cinikin kuwa ba ta taka kara ta karya ba, ga shi mutum biyu ke raba ta. Bakteriyar hanjin ɗan Adam, in ta sami yadda take so, cikin minti 20 take rabuwa biyu. Waɗannan, da aka auna su a kwalba a birnin Bremen na Jamus, sai da suka yi kimanin wata bakwai. Manomi zai yi shuka, ya yi noma, ya girbe, ya kai rumbu, su ba su gama haihuwa ɗaya ba. Duk da wannan nawa, ƙiyasin masana shi ne suna cinye kusan kashi 90 cikin 100 na metan da ke tasowa daga lakar teku kafin ta tsere. Metan kuwa ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi ninki-baninki. In da murfin nan ba ya nan, da zafin Afrilu a Ikara da lissafin damina ba haka suke ba. Tekunmu ma yana cikin hidimar: tun shekarun 1990 masu neman mai suka ciro ƙanƙarar gas daga lakar gangaren Neja Delta.

A wannan tsakanin ne aka warware abin da ya sami kamfanin Ondo. Bincike a farkon shekarun 2000 ya tabbatar cewa a duk ma'ajiyar mai ta ƙarƙashin ƙasa da zafinta bai wuce digiri 80 ba, ƙananan halittu na zaune a kan iyakar mai da ruwa suna ci, ba oksijin, cikin miliyoyin shekaru. Kuma shan rake suke yi masa: su tsotse sassan nan marasa nauyi, waɗanda da su ake yin fetur da dizal, su bar mai kauri da danƙo. Kwaltar Agbabu a Ondo, da yashin mai na Kanada, da man Orinoko na Benezuwela, duk tuƙa ce. Matatar Kaduna ma, in ana dubawa, aikin ke nan aka gina ta domin ta yi da wuta cikin sa'o'i: ta ɗebe mara nauyi ta sama, kwalta ta rage a gindi. Bastin na da gaskiya, amma bai ga ranar ba.

Jarrabawar gaske ta zo ranar 20 ga Afrilu, 2010. Dandamalin haƙa mai suna Deepwater Horizon, da ke yi wa kamfanin BP aiki a tekun Meziko, ya yi bindiga, mutum 11 suka mutu. Bakin rijiyar na zurfin mita 1,500, ta yi kwana 87 tana kwarara kafin a toshe ta ranar 15 ga Yuli. Gwamnati ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9, kotu a 2015 ta tsayar da miliyan 3.19 a matsayin abin da ya shiga teku. Wani kaso mai yawa bai taɓa hawowa sama ba. Ya tsaya kamar hazo a zurfin kimanin mita 1,100, gas da ɗigon mai a cakuɗe, tsawon kilomita da dama.

Ga mashaya mai, kakarsu ta yanke saƙa. A Agusta wani masani, Terry Hazen, ya ba da rahoton cewa wasu bakteriya masu son sanyi sun cika hazon suna ci. David Valentine ya nuna cewa da iskar gas irin su furofen da etan suka fara buɗe baki. A Janairun 2011 John Kessler ya ce cikin kimanin kwana 120 an cinye kusan duk metan ɗin. Nan da nan labari ya karaɗe duniya cewa teku ya wanke kansa, labarin da ba kamfanin man da zai ƙi jin sa. Samantha Joye ta Jami'ar Jojiya ta ce a yi hattara, domin ita da ta nitse ta ga gindin tekun lulluɓe da wata danƙararriyar laka mai mai, da matattun halittu a ƙarƙashi. A 2014 Valentine da kansa ya auna tabon da ya kwanta a ƙasa, murabba'in kilomita 3,200. A ganina dukkansu ba wanda ya yi ƙarya. Abin da ke cikin ruwa, inda akwai oksijin, mara nauyi, an sha shi da wuri. Tuƙar ta gangara ƙasa, hannun masu haihuwa ɗaya a wata bakwai.

Shekara guda bayan fashewar Deepwater Horizon maganar ta iso gida. Ranar 4 ga Agusta, 2011, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa rahotonta a kan ƙasar Ogoni. Hanyar da aka daɗe ana bi wajen gyara wuraren da mai ya zuba ita ce a kafce saman ƙasa, a zuba taki, a bar ƙananan halittu su yi aikinsu. A takarda ba ta da aibi, ita ce ta Alaska. Rahoton ya ce ba ta yi aiki ba, domin an ɗauka man a sama ya tsaya, alhali a wurare da dama ya nitse fiye da mita biyar. A Nisisioken Ogale an tarar da mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin ninki 900 a kan abin da hukumar lafiya ta duniya ta iyakance. Aka ƙiyasta gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, kuma sai a Yunin 2016 aka ƙaddamar da shi a Bodo. Ba halittun ne suka gaza ba. An ɗora musu kayan da ba su ce za su ɗauka ba, aka tafi. Kafin shekarar 2011 ta fita, ranar 20 ga Disamba, ganga kusan 40,000 suka zube a filin Bonga na kamfanin Shell, kilomita 120 daga gaɓa, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000.

Tun daga nan sai ƙarin sunaye ake samu. A 2016 ɗakin bincike na Bremen ya fito da arkiya masu cin butan daga lakar Guaymas. A 2018 masana a Texas suka karanto tsarin halittar ƙwayoyi iri 551 daga lakar kwarin, wasu ba su yi kama da kome da aka sani ba. A 2019 aka nuna mai cin etan, bayan shekara goma ana renon laka a kwalba ana jira. A 2022 aka nuna wata daga filin mai na Shengli a ƙasar Sin da ke mayar da ɗanyen mai metan ita kaɗai, ba abokin ciniki. Butan ɗin nan da ɗan'uwansa furofen su ne cikin tukunyar girki, wadda manoman rani da yawa suka jona wa injin ban ruwa bayan janye tallafin fetur a Mayun 2023. Abin da injin ke ƙonewa kafin azahar, a lakar teku abincin zuriya ne bayan zuriya.

Injin ko da gas yake aiki sai an yi masa juye, don haka baƙin fili bai daina samun rabonsa ba. Ɗaliban jami'o'inmu sun sha ɗebo ƙasar gareji su reni mashaya man da ke cikinta, suna nan kuwa, har a ƙasar da ba ta taɓa ganin teku ba. Da na sake komawa wurin dattijon nan bayan damina uku, ya mayar da injinsa wani gefe, ya sa an kafce tsohon wurin, an zuba kashin kaji da tokar murhu. Gefe-gefen ya yi ja-ja, har ƙaya da jiri sun fara leƙowa. Na ari fartanya na sara tsakiya. Taƙi ɗaya ƙasa, ƙasar na nan baƙa, da danƙo, warin gareji ya daki hancina.